Itacen Tsada a Gonar Iya

Ranar Talata da hantsi, ina tsakiyar darasi a makarantar da nake koyarwa a Birnin Kudu, aka kira ni a waya aka ce Iya ta cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Iya ita ce ta haifi mahaifina, kuma a ɗakinta na tashi tun ina shekara shida, bayan rasuwarsa. Kafin mota ta sauke ni a Gwaram, in hau mashin zuwa ƙauyenmu da ke gefen Farin Dutse, har an sallace ta. A maƙabarta na riski jama'a, ana miƙa itacen da za a jera a rufe kabari. Na shiga sahu, ina karɓa ina miƙawa. Ɗanyen itace ne, sabon sara, har da ganye a jiki, ruwansa yana manne mini a tafin hannu. Ban kawo komai a raina ba, don wanda ke binne wadda ta raine shi ba ya tambayar inda aka saro itace.

Kwana uku muna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, ni da Baffa, ƙanen mahaifina, wanda shi kaɗai ya rage a cikin 'ya'yanta. Masu gaisuwa na ta zuwa, kowa da irin Iyar da ya sani. Liman ya ce tun da ya hau limanci ba a taɓa kawo masa ƙararta ba. Na sunkuyar da kai, don na san ba rashin faɗa ba ne. Iya ba ta barin rigima ta kwana balle ta kai gaban liman, nan take take wanke mutum tas, sannan ta zuba masa fura. Bafulatanar da ke kawo mata nono ta ajiye ƙwarya a zaure ta fasa kuka, sai da mata suka ja ta ciki suna cewa addu'a ake yi wa mamaci. Wani tsoho taubashinta, da aka ɗauko a mashin tun daga wajen Sundimina, ya zauna da ƙyar ya ce, "Matar nan ta yi mini wayo. Kullum ina ce mata ni zan riga ta, tana cewa rago bai taɓa riga kowa zuwa ko'ina ba. To, ga shi kuwa." Ya yi dariya, dariyar ta ƙare a cikin hannun rigarsa.

Da na shiga cikin gida gaisuwar mata, wata maƙwabciyarmu mai tsohon ciki ta ce, "Allah ya jiƙan Iya. Bana kuma wa zai kawo mana tsada?" Matan suka yi mata ca, wai ana zancen mutuwa tana zancen kwaɗayi. Ni kuwa duk gaisuwar da aka yi mini babu wadda ta taɓa ni kamar wannan.

Ga 'ya'yan birni da ba su san ta ba, tsada ɗan itace ne na daji mai ƙaya, bai cika wuce tsayin mutum da rabi ba. 'Ya'yanta ba su fi babban yatsa ba, suna farawa kore, su koma rawaya, in sun nuna sosai su yi ja-ja. Tsami gare su mai sa mutum ya runtse ido ɗaya, amma wanda ya saba ba ya dainawa. A da ko'ina ka ratsa dajinmu sai ka ci karo da ita. Yanzu noma ya cinye daji, kuma a iya sanina guda ɗaya ta rage a ƙasar ƙauyenmu, wadda ke gonar Iya.

Bayan addu'ar uku na sulale na tafi gonar. Tana tsakanin gari da maƙabarta, a gindin wani dutse. Kusurwarta ta gabas ba a taɓa sa mata fartanya ba: tsakuwa ce da suri da 'yar duhuwa, marke biyu, kalgo uku, sabara, tsadar kuma a tsakiyarsu. Tun daga nesa na ga haske a inda na saba ganin duhu. An sare marken, an sare kalgon, ga kututture biyar iya gwiwa. Tsadar na tsaye ita kaɗai cikin rana da 'ya'yanta kore. A nan na gane itacen da na riƙa miƙawa da hannuna.

Masu haƙa kabari ba su yi laifi ba. Gawa ba ta jira, rana ta take, ga itace a kusa, kuma gonar mamaciyar ce, ba sai an nemi izinin kowa ba. Ɗaya daga cikinsu ma da alfahari ya gaya mini cewa da itacen gonarta aka rufe ta, kuma sun yi ta kaffa-kaffa kada gatari ya taɓa tsadar, don kowa ya san ta Iya ce. Na yi masa godiya. Me zan ce?

Da yamma babban ɗan Baffa, wanda shi ke riƙe da noman gidan, ya ce tun da an riga an sare, kafin ruwa ya sauka zai tone kututturan ya ƙone, ya sa garma ya zuba riɗi. "Tsadar dai za mu bar ta, Yaya," in ji shi, "don a riƙa tunawa da Iya." Na san abin da ke samun tsada idan aka tone maƙwabtanta, don ni da hannuna na taɓa yi. Kuma ba ni da ta cewa a gonar. Mahaifina ya riga mahaifiyarsa rasuwa, gado na Baffa ne, ni ko taki ɗaya ba ni da shi.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan. Iya ba ta bar littafi ba, ba ta bar hoto mai kyau ba, guda ɗayan da muke da shi ma ta kawar da kai. Abin da ta sani a bakinta yake, kuma mafi yawansa a gindin itacen nan ta faɗe shi.

Ina yaro, da an fara jin ƙamshin hadari sai ta ɗauki ƙwarya ta ce, "Tashi, maigida, mu je unguwa." Wasan kaka da jika ne, ni ne mijinta, kuma a cewarta duk garin ba a yi miji marar amfani kamata ba: ba cefane, ba zane, sai ci. Duhuwar nan take kira unguwa. A wancan lokacin wata tsadar ce a wurin, babba, can kusa da jikin dutse, wadda ta ce tun tana amarya ta same ta. Iya ba ta koyar da mutum a zaune, tana tsinka tana magana, in ka ji ka ji.

"Ita wannan ba ta son ƙafarta a ruwa," take cewa. "Ka kai ta fadama ka kashe ta. Ka ba ta jigawa, ka ba ta tsakuwa, ka ba ta gefen suri, sai ta gode maka. Taki ma ba ruwanta da shi, 'yar talakawa ce."

Wata rana ta tambaye ni ko na taɓa ganin tsada ita kaɗai a fili kamar kuka. Na ce ban lura ba. Ta ce, "Ina za ka lura, ido na kan ƙwarya? To ba za ka gani ba. Duk inda ka ga tsada, waiga, akwai kalgo ko sabara ko marke. A ƙarƙashin ƙasa suke zumunci. Saiwarta ba ta iya dogon nema, sai ta kama ta maƙwabci, shi yake sam mata."

Na ce, "To ita me take ba su?"

Ta kama hannuna ta kai kusa da ƙayar, ta ce, "Wannan. Akuya ta isa ta shigo nan ta ci ɗan kalgo?"

Ita ta nuna mini cewa a tsakiyar bazara, lokacin da komai ya bushe har ƙadangare na neman inuwa, a lokacin tsada take fure. Furen ƙanana ne, farare, da gashi-gashi a ciki, ba ka ganinsu sai ka matsa, amma ƙamshinsu da gunjin ƙudan zuma za su gaya maka tun daga bakin gona. In ruwan farko ya sauka 'ya'yan su fara nuna. Ba ta taɓa tsinke su duka ba. Na ƙololuwa ta ce na tsuntsaye ne da biran da ke saukowa daga dutse, kuma ba kyauta take ba su ba, ladan aiki ne. Biri zai ɗebo ya koma inuwar kalgo ya tsotse ya tofar, ka ga ya yi shuka a inda ya dace ba tare da an aike shi ba. Bayan girbi kuma, kafin masu farautar gafiya su fara cinna wa ciyawa wuta, sai ta ɗauki tsintsiyar kaba ta share kewayen duhuwar tas. Ta ce wuta ba ta kashe tsada, daga gindi take sake tohowa, amma wadda ta sha wuta ba ta haihuwa a shekarar, wani lokaci har ta gaba. Tsohuwa tana sharar daji, mutane na wucewa suna yi mata sannu suna ƙunshe dariya. Ni kunya nake ji, sai in yi kamar ba tare muke ba.

Ko sau ɗaya ba ta kai tsada kasuwa ba. In mun dawo sai ta zauna ta kasa a ganye, ta aika gidan mai ciki, da gidan wanda zazzaɓi ya ɗaure wa baki ba ya jin ɗanɗanon komai. Ta san cikin kowace mace a garin tun kafin mijin ya sani, kuma ba ta faɗa, ƙunshin tsadar ne ke tona asiri. Ƙwallayen kuma ta fasa ta daka, ta fitar da ɗan mai mai yauƙi, ta shafa wa faso a dugaduganta, ragowar ta shafa wa igiyar fatar da ta bushe.

Abu ɗaya ne na daɗe ina riƙe da ita da shi a zuciya. Mahaifina ɗanta ne na fari, kuma Iya mutuniyar da ce, mai kunyar ɗan fari ta gaske. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take cewa. Ranar da ya rasu, ina tuna ta zaune a bakin murhu tana gyara wuta, ido a bushe, mata na yaba kawaicinta. Baffa kuwa tun daga ƙuryar gida take ƙwala masa kira da sunansa, ta ajiye masa ƙanzo, ta yi masa faɗa in ya rame. Na taɓa tambayarta, ina ɗan shekara goma, "Iya, wai kina son babana kuwa?" Ta maka mini mafici a ka ta ce, "Ji ɗan nema marar ta ido." Daga nan ban sake tambaya ba, na dai yanke hukuncina ni kaɗai.

Sai shekarar da na gamo kwalejin aikin gona na dawo gida da takarda, kaina ya fi hulata girma. Na dubi tsadar nan babba na ga an matse ta ta ko'ina. A aji an koya mana cewa tsiro in ya yi cunkoso yana ƙwace wa ɗan'uwansa ruwa da abinci. Maganar Iya ta zumuncin ƙarƙashin ƙasa na ji ta ya fi sau ɗari, amma na sa ta a kwandon zancen tsofaffi. Iya ta tafi suna wajen danginta za ta yi mako guda, na ce bari in yi mata abin da za ta dawo ta sa mini albarka. Kwana uku ina aiki da gatari da diga. Ban tsaya a sara ba, na bi kowane kalgo da sabarar da ke kewaye da tsadar na tone har saiwa. Ina tonon na riƙa ganin siraran saiwoyin tsadar sun kama ta kalgo da wasu 'yan ƙulle-ƙulle, kamar kaska a jikin saniya. Na ce lallai cuta ce, na sa wuƙa na kankare. Na yi mata kwari a gindi, na zuba taki amalanke guda, na yi ta jido ruwa a jarka. Da na gama na ja da baya na duba, wallahi har na ji tausayin mutanen da ba su yi boko ba.

Ta dawo na kai ta da kaina, ina gaba tana baya. Ta tsaya. Na jira ta wanke ni kamar yadda take wanke kowa, na shirya amsoshina na kimiyya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta sunkuya ta ɗauki guntun saiwa ɗaya, ta juya shi, ta shafa wurin da na kankare da babban yatsa. Sannan ta ce, "Sannu da aiki, Malam."

Daga ranar na zama Malam. Ba maigida, ba mijin banza, ba ƙorafin cefane. In ta kawo mini tuwo sai ta ajiye a hankali ta ce, "Ga abinci, Malam." In na tsokane ta sai ta ce, "Haka ne, Malam." An yi mini horo iri-iri a rayuwa, ban taɓa shan wanda ya kai girmamawar tsohuwar nan ciwo ba. Tsadar kuma ta fara nuna mini karatuna. Daminar farko ta zubar da yawancin 'ya'yanta tun suna kore. Na ƙara ruwa, ganye ya yi rawaya. Na ƙara taki, rassa suka fara bushewa daga baki. Garin neman gira na rasa ido. A bazara ta biyu reshe ɗaya ne ya yi fure, ya ba da abin da bai cika tafin hannu ba, daga shi kuma ba ta sake tohowa ba.

Washegarin wani ruwa mai ƙarfi, da sassafe, na ji an bugi ƙyauren ɗakina da sanda. "Kai, mijin banza, rana ta fito kana kwance? Tashi mu je unguwa." Na fi shekara ban ji zagi mai daɗin wannan ba. Na fito ina goge ido, na ce hayaƙin murhu ne.

Ta kai ni ɗaya gefen duhuwar, inda digata ba ta kai ba, wurin wasu 'yan kalgo da marke masu tasowa. Ta kwance bakin zane, ga 'ya'yan nan na ƙarshe. Ta ce in tsotse. Na tsotse har haƙorana suka dasashe, tana karɓar ƙwallon tana binnewa a gindin kalgo, ta gefen inuwa, zurfin gaɓar yatsa ɗaya.

"Daga baki sai ƙasa," in ji ta. "Ƙwallon bara ba ya tsirowa, man cikinsa ya riga ya lalace. Kuma inda za ta zauna nan ake binne ta, ba ta son ƙaura. Kada in ji ka ce za ka raine ta a leda irin na makarantarku."

Na ce, "Iya, ki yafe mini."

Ta ce, "Da sara kaɗai ka yi, da da sauƙi. Kalgo ba ya mutuwa don an sare shi, in dai saiwa na ƙasa zai toho, ita kuma tana riƙe da shi. Tonon ne ya kashe ta." Ta miƙe tana dafa gwiwa. "Yafiya kuma, wa ya gaya maka ana riƙe miji a zuciya? Ai sai ciwo ya kama mutum."

Kurege ya tone rabin abin da muka binne. Uku suka tsiro, akuya ta ci ɗaya kafin ta yi ƙaya, ɗaya ta bushe a rani. Ɗayar da ta rayu sai a shekara ta huɗu ta yi 'ya'ya, su ma ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ita ce wadda ke tsaye yau. Bayan shekaru na ci karo da bayanin a wani littafi, da dogon suna, cewa lallai saiwar itacen nan tana kama ta wasu itatuwa ta sha daga gare su. Na zo da murna na gaya mata cewa masana sun tabbatar da maganarta. Ta ce, "To, in ka gan su ka gaishe su."

Zuwana na ƙarshe kafin rasuwarta, idonta ya riga ya yi rauni, ƙafa kuma ba ta kai ta gona. Ta riƙe hannuna ta ce, "Maigida, ta yi fure?" Na ce ta yi, har ƙudan zuma sun cika wurin. Ban je ba. Ina saurin in sami motar komawa Birnin Kudu, na ce mako mai zuwa zan leƙa. Ta yi murmushi ta ce, "Madalla." Na yi mata ƙarya a maganarmu ta ƙarshe, kuma ko da yake 'ya'yan da na gani daga baya sun nuna furen ya yi, wannan bai rage mini komai ba. Ina kewarta. Ina kewar zaginta fiye da yabon kowa.

Ranar bakwai da safe na roƙi Baffa ya raka ni gonar. Baffa mutum ne mai tsare gida, magana a wurinsa kamar ana ciro ta daga rijiya. Muka tsaya a gaban kututturan. Na yi masa bayanin saiwa, na ce in aka bar su za su toho, in aka tone tsadar ba za ta wuce damina biyu ba. Sannan na faɗi abin da na kwana biyu ina juyawa. Ina da 'yar fadama da na gada daga mahaifina, mai ba da shinkafa da albasa. Na ce ya karɓe ta, ya bar mini kusurwar nan ta tsakuwa.

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Fadama da tsakuwa? Bokon naka har yanzu bai sake ka ba?"

Na ce, "Baffa, na kashe mata ɗaya. Ba na so ta biyun ma ta mutu ina kallo."

Ya taka zuwa jikin dutse, inda babbar tsadar take a da, wurin yanzu sai ciyawa. Ya tsaya yana kallon ƙasa.

"Ka san abin da ka kashe kuwa?" in ji shi. "Ba ta gaya maka ba, na sani. Ba za ta iya ba." Ya gyara hula. "Yaya, wato mahaifinka, yana son tsada kamar ransa, tun muna yara. Iya kuma ba ta iya miƙa masa abu hannu da hannu. Sai ta kira ni ta cika mini aljihu ta ce, ci, in ka ƙoshi ka rage wa wancan. Alhali ta san ni ba na shan tsami, ko ɗaya ba na iya gamawa. Kowace damina ni ne ɗan dako. Har ya yi aure, har aka haife ka, ina kai masa."

Ya dafa jikin dutsen, ya ci gaba.

"Ranar da ya rasu kun ga ba ta yi kuka ba, ko? Da la'asar na neme ta a gida na rasa. Na biyo sawu. A nan na same ta, ta rungume itacen nan da ƙayarsa da komai, tana kiran sunansa. Sau ɗaya ke nan na ji sunan a bakinta. Na juya ban bari ta gan ni ba. Da ta dawo gida hannunta duk jini, ta ce wa mata kaza ta bi cikin ƙaya." Ya numfasa. "Ni ta kira sunana shekara sittin, kowa na cewa ni ne ɗan lele. Shi kuwa ta yi masa shara a daji har ƙafarta ta gaza. Kai ka gaya mini wanda aka fi so."

Na durƙusa a kan tsakuwar nan, ni da furfurata, na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Shekara da shekaru ina tuhumarta da rashin son ubana, ashe wurin da take zuwa ta so shi na sa wa diga, kuma duk abin da ta ce mini shi ne sannu da aiki.

Baffa ya bar ni sai da na gaji. Sannan ya ce, "Riƙe fadamarka, kana da iyali. Malamai za su ce nan gadona ne, kuma gaskiyarsu. To na ba ka, daga surin can zuwa jikin dutse. Zan faɗa a gaban liman." Da muka koma gida ya kira ɗansa ya ce garma ta tsaya taki ashirin daga kututturan, kuma duk wanda ya kai wuta wurin shi da shi ne.

Yanzu an yi arba'in, ruwa ya sauka sau uku. Kalgo biyu sun fito da jajayen ganye daga gindi, marke ɗaya ma ya nuna alama, sauran biyun shiru. Tsadar ta zubar da fiye da rabin 'ya'yanta, ganyen gefen yamma ya yi rawaya. Ban sani ba ko za ta kai baɗi. Duk Asabar ina zuwa in tsaya a kanta, ba na zuba ruwa, ba na zuba taki, hannuna a baya. Akwai tambayoyi da yawa da nake so in yi, kuma mai amsa su tana nan kusa, bayan gonar, ƙarƙashin marken da kalgon da ta raina.

Asabar ɗin da ta wuce na sami 'yan kaɗan sun nuna. Na aika wa mai cikin nan rabi, ta haihu ma, amma ta ce a kawo. Ragowar na kai wa Baffa a zaure. Ya ce, "Ka san ba na sha." Duk da haka ya miƙo hannu ya karɓa, ya zuba a aljihun rigarsa, ya yunƙura kamar zai tashi. Sai ya koma ya zauna, hannunsa a kan aljihun.

Allah ya jiƙan Iya, ya yafe mata, ya sanyaya makwancinta, ya sa ƙayar da ta taka a duniya ita ce iyakar wahalarta. Ya jiƙan mahaifina. Ya haɗa su a gidan da babu kunya tsakanin uwa da ɗanta, ta kira shi da sunansa a gaban kowa, ta miƙa masa da hannunta. Amin.